Yadda ake haɗa ƙwayoyin nano na kitosan don maganin ido ya daɗe bai wanke ba

Duk wanda ya taɓa ɗiga maganin ido ya san abin da ke biyo baya. Ka ɗiga, ka ƙifta, rabi ya gangaro kumatu, jim kaɗan sai ka ji ɗacinsa a maƙogwaro. Ɗacin nan shaida ce cewa maganin ya bi 'yar kafar da ke lungun ido ya sauka hanci, daga can ya wuce maƙoshi. Ɗigo ɗaya yakan kai maikirolita 30 zuwa 50 (maikirolita 1,000 ne mililita ɗaya), alhali hawayen da ke kwance a kan ido bai fi maikirolita 7 ba, kuma ko an cika ido maƙil ba ya riƙe abin da ya haura 30. Idan aka haɗa da ƙiftawa da sabon hawaye da ke ta wanke tsoho, abin da ke ratsawa cikin ido daga ɗigon da ka saya da kuɗinka bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ga mai apolo na kwana biyar, wannan asara da sauƙi. Amma ka tuna da mai hawan jinin ido, cutar da binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya sa ta a matsayi na biyu bayan yanar ido. Shi ɗiga magani zai yi ta yi safe da yamma har iyakar rayuwarsa. Kuma timolol, ɗaya daga cikin magungunan da ake ɗiga wa wannan cuta, in ya sauka hanci ba ɓacewa yake yi ba, jini yake shiga, ya rage bugun zuciya, ya tayar wa mai asma ciwonsa. Don haka aikin da zan bayyana a nan manufarsa ɗaya ce: maganin ya maƙale a kan ido, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, ba tare da ya yi wa idon lahani ba. Za mu ɗora maganin a kan ƙwayoyin nano, wato 'yan mitsi-mitsin ƙullaye da ido ba ya gani, na wani sinadari mai suna kitosan. Ƙanƙantar ƙwayoyin hanya ce kawai ta cimma wannan.

Wannan bayani na ɗakin gwaji ne, don ɗaliban harhaɗa magunguna da masu bincike. Abin da ka haɗa ta wannan hanya ba ya shiga idon mutum, ko naka ko na wani, komai kyan da ya yi maka.

Mataki na 1: Ka san inda kake son maganin ya je

Kafin ka taɓa sikeli, ka amsa tambaya ɗaya: gaban ido ko bayansa? Idan ciwon a bayan ido yake, kamar kumburin tantanin gani na masu ciwon sukari, ɗigo ba ya kaiwa can da yawan da zai yi amfani. Irin wannan sai allura ko dashe. Misali Ozurdex, wanda aka amince da shi a Amurka a 2009, ɗan siririn sanda ne na polima mai suna PLGA ɗauke da miligiram 0.7 na deksametason, maganin kumburi. Likita ke cusa shi cikin ƙwayar ido, ya yi ta narkewa tsawon watanni. Wannan ba aikin ɗalibi ba ne.

Namu na gaban ido ne. A nan shingen shi ne koniya, tantani mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, wanda kaurinsa kusan rabin milimita ne. Fatarsa ta waje mai son maiƙo ce, tana korar magani mai narkewa a ruwa. Tsakiyarsa kuwa, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin, ruwa take so, tana tare magani mai maiƙo. Ko ta ina ka ɓullo, akwai mai tsare ƙofa. A saman duka akwai yauƙin hawaye da ake kira musin, kuma yana ɗauke da cajin lantarki na ragi. Ka riƙe wannan, a kansa aka gina duk dabarar.

Mataki na 2: Zaɓen polima

Polima dai doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai masu maimaita kansu. Ƙaro polima ne, yauƙin kuɓewa ma haka. Masu haɗa maganin ido sun daɗe da cin moriyarsu. Timoptic-XE na ɗauke da ƙaron jelan, wanda ruwa ne a kwalba amma da ya haɗu da gishirin hawaye sai ya yi kauri, shi ya sa sau ɗaya ake ɗiga shi a rana. AzaSite ya dogara da polikabofil don riƙe azitromaisin. Cequa, da aka amince da shi a Amurka a 2018, ya ɓoye saikulosporin cikin ƙananan ƙullaye na nano. Cikin waɗannan babu na kitosan ko ɗaya, kuma ya kamata ka san haka tun daga farko, kada ka ɗauka gobe za ka buɗe kamfani.

To me ya sa na zaɓi kitosan? Saboda cajinsa na ƙari ne, na musin kuwa na ragi, sai su kama juna kamar maganaɗisu da ƙusa. Daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samo shi, yana da araha, kuma haɗa shi ba ya buƙatar zafi ko kaushin sinadaran narkarwa. Ayarin Farfesa María José Alonso a Jami'ar Santiyago de Kompostela ta ƙasar Sifen ne suka bayyana hanyar a 1997. A 2001 suka gwada ta da saikulosporin a idon zomaye, suka tarar maganin na nan a koniya da tantanin farin ido da yawa mai amfani har tsawon awa 48.

Idan za ka saya, ka nemi mai ƙaramin nauyin sarƙa, wanda aka cire masa asetil, wani ɗan reshe da ke jikin sarƙar, kashi 75 zuwa 85 cikin 100 ko fiye. Ka rubuta lambar gwangwanin a littafinka. Kitosan na kamfani ɗaya ma yakan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan, kuma mutane da yawa sun ɓata watanni suna neman kuskuren da ba nasu ba ne, gwangwani ne kawai ya canza.

Mataki na 3: Kayan aiki

Kitosan, da sodiyam tiraifolifosfet da ake taƙaitawa TPP, da asid ɗin asetik, da sodiyam haidiroksaid, da manitol ko giliserol, da ruwan distil. Sai maganin kansa, a nan mu ɗauki timolol. Na'urori kuwa: sikeli mai auna miligiram, na'urar auna tsami, na'urar motsi mai maganaɗisu, sirinji da matatai masu kafa 0.45 da 0.22 na maikiromita, santirifuj mai sanyaya, wato injin wulwula ruwa har gari ya kwanta, da na'urar auna shan haske ta UV.

Mataki na 4: Ruwa biyu

Ruwa na farko: ka auna kitosan miligiram 200, ka barbaɗa shi a hankali cikin mililita 100 na asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, na'urar motsi tana juyawa. Barbaɗawa na ce, kamar mai talge. Idan ka juye shi gaba ɗaya zai dunƙule, wajensa ya jiƙe cikinsa ya zauna a bushe. Ka rufe, ka bar shi ya kwana yana juyawa. Idan kana inda wuta ba ta da tabbas, ka shirya wannan a ranar da ka san injin janareta zai kwana a kunne, domin kitosan da bai gama narkewa ba zai ruɗa maka duk awon da ke gaba.

Washegari ka daidaita tsaminsa zuwa pH 4.7 ko 5.0 da ɗigon sodiyam haidiroksaid, ɗaya bayan ɗaya. Inda ɗigon ya faɗa za ka ga farin gajimare ya tashi, ka jira ya narke kafin ka ƙara wani. Sannan ka tace da matata mai 0.45.

Ruwa na biyu mai sauƙi ne: TPP miligiram 100 cikin mililita 100 na ruwan distil, a tace da mai 0.22. A haɗa shi sabo ranar aiki.

Wane ruwa za a sa maganin? Cajinsa ke yanke hukunci. Magani mai cajin ragi, kamar dikulofenak, cikin ruwan TPP ake narka shi, domin idan ya faɗa ruwan tsami kai tsaye zai koma gari. Timolol cajin ƙari gare shi irin na kitosan, sai a narka shi cikin ruwan kitosan. Kada ka yi mamaki idan kaɗan ya kamu, tun da masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. Masu bincike da yawa kan sa ɗan aljinet ko hayaluronik asid cikin ruwan TPP don su ba maganin abin kamawa. Ka fara ba tare da su ba, ka ga lambar da ka samu, sannan ka ƙara.

Mataki na 5: Haɗawa

Nan ne ake yin ta ko a ɓata ta. Ka zuba mililita 10 na ruwan kitosan a ƙaramin kofin gwaji, ka sa juyi wajen 700 a minti, a zafin ɗaki. Ka ɗebi mililita 5 na TPP a sirinji, ka riƙa ɗiga shi ɗaiɗai, kusa da gefen gurbin da juyin ya yi, ba a jikin kofi ba. Lissafin shi ne miligiram 20 na kitosan a kan 5 na TPP, wato 4 bisa 1. Kowane TPP yana da hannaye da yawa masu cajin ragi, sai ya kamo wannan sarƙa ya kamo waccan, sarƙoƙin su naɗe su zama ƙullaye.

Idonka zai gaya maka abubuwa uku. Idan ruwan ya zauna garau, TPP ya yi kaɗan. Idan ya ɗan yi hazo mai shuɗi-shuɗi, kamar ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar nono da shi a karo na biyu, ka samu. Idan ya yi gudaji kamar tsinkakken kunu, ka zarce, sai a zubar a sake. Babu wani juyi da zai mai da gudajin nan nano. Wata dabara mai arha: ka haska ɗan tocilan leza ta gefen kofin. Ruwa mai ƙwayoyi zai nuna zaren hasken ja a tsakiyarsa, ruwa zalla ba zai nuna ba.

Bayan ɗigo na ƙarshe ka bar shi yana juyawa minti 30. Kada ka tsaya kan haɗi ɗaya. Ka yi 3 bisa 1 da mililita 6.7 na TPP, ka yi 5 bisa 1 da mililita 4, kowanne sau uku, kuma kowanne da tagwayensa marar magani. Marar maganin nan zai yi maka amfani a gaba.

Mataki na 6: Rarrabewa

Ka ɗiga giliserol kaɗan a gindin bututun santirifuj kafin ka zuba haɗin. Shi ne matashin da ƙwayoyin za su kwanta a kai, in babu shi sai su manne su zama ƙulli mai tauri da ba ya sake watsuwa. Ka wulwula a ƙarfi 10,000 zuwa 16,000 g na minti 30 zuwa 40, a sanyin digiri 4. Ruwan sama ka tsiyaye shi a hankali ka adana, kada ka zubar. Na ƙasa kuma ka sake watsa shi cikin ruwa kaɗan.

Mataki na 7: Awo

Abin da ba ka auna ba, ba ka da ikon kiransa nano. Na sha karanta rubutun kammala karatu da aka cika da kalmar nano, amma babu awon girma ko guda a ciki, kuma abin yana ci mini rai, domin wahalar ɗalibin ce ta tafi a banza. Milimita ɗaya nanomita miliyan ɗaya ce, silin gashi kuwa yakan kai nanomita 70,000. Ido ba ya ganin wannan, madubin gwaji na aji ma ba ya gani.

Na'urar da ke aunawa da watsuwar haske, irin Zetasizer ta kamfanin Malvern, lambobi uku za ta ba ka. Girma: ka nemi tsakanin nanomita 100 da 400. Bambancin girma, wato PDI: ƙasa da 0.3 na nufin ƙwayoyin sun yi kusan kai ɗaya. Cajin fuska, wato zeta: daga +20 zuwa +40 mV. Idan ya gaza haka ƙwayoyin za su dunƙule a kwalba, kuma ba za su kama musin sosai ba. Idan jami'arku ba ta da na'urar, ka nemi inda take tun kafin ka fara aiki, ka san kwana nawa samfurinka zai yi a hanya, ka tura shi cikin ƙanƙara ba tare da ya daskare ba.

Yawan maganin da ya kamu kuwa daga ruwan saman nan ake gano shi. Ka auna shan haskensa a wajen nanomita 295, inda timolol ya fi sha, ka sa ruwan saman haɗi marar magani a matsayin sifili. A ce miligiram 10 ka zuba, ka tarar da 6 a ruwan sama, to 4 ne suka kamu, wato kashi 40 cikin 100. Ka kuma yi wani lissafi da ake yawan mantawa: timolol na kanti mai 0.5 cikin 100 yana da miligiram 5 a kowace mililita. Miligiram 4 ɗinka, in ka watsa su cikin mililita 15, sun yi tsararo ƙwarai. Sai ka rage ruwan watsawa, ko ka kawo hujjar cewa ƙaramin adadi ya isa tun da ya fi daɗewa.

Mataki na 8: Sa shi ya dace da ido

Ga wata matsala da ke cikin jinin kitosan. Hawaye pH ɗinsa wajen 7.4 ne, kitosan kuwa da ya haura 6.5 sai cajinsa ya fara zubewa, ya daina narkewa. Ka bar haɗin da tsami, ido ya yi zafi, hawaye ya ɓalle ya wanke abin da ka sha wahala a kai. Ka kai shi 7.4, ƙwayoyin su dunƙule tun a kwalba. Tsaka-tsakin da aka fi bi shi ne 5.5 zuwa 6.0. Wanda ke da hali yakan koma ga tiraimetil kitosan, wanda ke riƙe cajinsa ko a pH na hawaye.

Sai ƙarfin gishiri. Hawaye na wajen miliyosmol 300 a lita, naka ma ya kusanci haka. Amma kada ka daidaita da gishirin sodiyam kuloraid kamar yadda aka saba a sauran magunguna, domin gishiri na lulluɓe cajin ƙwayoyin ya sa su haɗe. Manitol kashi 5 cikin 100, ko giliserol wajen 2.5, su ne suka dace. Bayan kowane gyara ka sake auna girma. Duk wani ɓarɓashi da ya haura maikiromita 10, ido zai ji shi kamar tsakuwar hunturu.

Mataki na 9: Fitar magani, da idon akuya

Ka haɗa hawayen gwaji: sodiyam kuloraid giram 0.67, sodiyam baikabonet giram 0.20, kalsiyam kuloraid giram 0.008, a cika da ruwa zuwa mililita 100, pH 7.4. Da farko ka gauraya haɗinka da shi a bututu ka gani ko zai yi gudaji nan take. Sannan ka ɗaure mililita 1 ko 2 cikin jakar dayalisis mai kafa kilodalton 12 zuwa 14, wadda magani ke ratsawa amma ƙwayoyin ba sa ratsa ta, ka tsoma cikin hawayen gwajin a zafin digiri 34 zuwa 37. Ka riƙa ɗiban samfur a minti 15, 30, awa 1, 2, 4, 8, 12 da 24, kana mayar da sabon ruwa daidai abin da ka ɗiba. A gefe ka sa timolol zalla cikin irin jakar. Ka zana wa kowanne layin yawan maganin da ya fita bisa lokaci. Idan layukan biyu suka hau tare, ƙwayoyinka ba su riƙe komai ba, ko da girmansu ya yi kyau. Fitar farko mai sauri ba laifi ba ce, maganin da ke manne a bayan ƙwayoyin ne. Abin dubawa shi ne ko akwai jela mai tsawo bayanta.

Gwajin ratsa koniya kuwa, a nan mu muke da gata. Masu bincike a ƙasashe da dama da idon akuya suke yi, mu kuwa kowace safiya ana yanka awaki a kwata. Ka yi magana da sarkin fawa ko wani mahauci tun jiya, ka je da asuba da kwalbar ruwan gishiri mai 0.9 cikin 100 a cikin ƙanƙara, ka karɓi idanu da zarar an yanka, ka koma ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Idon da ya yi hakiya ko ya ƙuje, ka ajiye shi gefe. Ka yanko koniya tare da zoben farin ido mai faɗin milimita 2 zuwa 4, ka ɗora ta a kan tulun gwaji na Franz, mai ɗaki biyu sama da ƙasa da koniyar za ta raba, fuskar waje tana kallon sama. Haɗinka a sama, hawayen gwaji a ƙasa. Kada ka wuce awa 4 zuwa 6, domin bayan haka naman ya fara lalacewa, kuma lalataccen tantani komai ma wucewa yake yi.

Da ka gama, ka auna nauyin koniyar, ka busar da ita a tanda, ka sake aunawa. Lafiyayyar koniya ruwanta kashi 75 zuwa 80 ne cikin 100. Idan ya haura 83, haɗinka ya yi mata rauni, kuma yawan maganin da ka ga ya ratsa ta ƙofar rauni ya bi.

Mataki na 10: Gwajin ƙwai

Tun 1944 ake gwada zafin sinadari a idon zomo da hanyar Draize. Akwai wadda ta fi ta tausayi da arha, da ita ya kamata a fara. Ka samo ƙwan kaza mai zakara, ka sa a injin ƙyanƙyasa a digiri 37.5 har kwana 9. Ka fasa ɓawon ta gefe mai faɗi inda iska take, ka ɗaga farin tantanin ciki a hankali. Ƙarƙashinsa za ka ga wani tantani mai jijiyoyin jini kamar saiwa. Ka ɗiga mililita 0.3 na haɗinka, ka zuba ido minti 5 da agogo a hannu, kana duban zubar jini, ko ɓacewar jijiya, ko daskarewa. A wani ƙwan ka ɗiga ruwan gishiri mai 0.9, a wani kuma sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin mola 0.1, don ka ga yadda lafiya take da yadda ɓarna take. Ka ɗauki hoto kafin da bayan. Sai haɗin da ya tsallake wannan ne za a yi maganar kai shi ga zomo, shi ma da takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Mataki na 11: Tsabta da ajiya

Maganin ido dole ya zama babu ƙwayar cuta ko ɗaya. A Amurka, a 2023, gurɓataccen ruwan ɗigon ido ɗauke da ƙwayar sudomonas ya makantar da mutane, wasu ma suka rasu. Wahalar ita ce hanyoyin da aka saba ba su yi wa kitosan daɗi. Tukunyar turiri tana gutsuttsura sarƙarsa. Matata mai 0.22 kuwa za ta tare duk ƙwayar da ta fi nanomita 220, ka tace maganinka ka bar shi a jikin matata. Mafita ita ce a tace ruwan kitosan da na TPP kowanne daban da mai 0.22, sannan a haɗa su cikin akwatin iska mai tsabta, da kayan da aka riga aka turara. Game da sinadarin hana ruɓewa, benzalkoniyam kuloraid da aka fi sawa yana cin fuskar ido idan aka daɗe ana ɗigawa, don haka ga mai hawan jinin ido na fi son ƙananan robobi na ɗigo ɗaya a yar.

Ƙwayoyin kitosan a cikin ruwa ba su da dogon rai, suna kumbura ko su haɗe cikin makonni. Ka raba haɗinka uku: ɗaya a firji a digiri 4, ɗaya a digiri 30 da danshi kashi 75, wanda shi ne ma'aunin ƙasashe masu zafi da laima irin Nijeriya, ɗaya a digiri 40. Na ukun nan ba wuce gona da iri ba ne, zafin shagon magani ne a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Ka auna girma da caji da pH da yawan magani a ranar farko, sannan bayan wata 1, wata 3 da wata 6. Idan suka kasa, ka zuba tirehalos, wani nau'in sukari, kashi 5 cikin 100, ka busar da su da injin busarwa na sanyi su koma gari, ka sake jiƙawa ka auna ko girman ya dawo yadda yake. Wannan tebur na watanni shida yana cikin abubuwan da NAFDAC za ta nema a duk ranar da aikin ya kai gabanta, don haka ka rubuta kowane awo da kwanan watansa, har da waɗanda ba su yi maka daɗi ba.